Rijiyar Gari: Tarihin Haɗin Kan Ƙasashe a Kan Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magani

A ranar 11 ga watan Disamba na shekarar 1945, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, masanin nan ɗan Birtaniya, Alexander Fleming, ya gabatar da jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Nobel, wadda ya raba da Howard Florey da Ernst Chain saboda aikinsu a kan penisilin. Duniya ta fito daga yaƙi ke nan, kuma sabon maganin ya riga ya yi suna wajen ceton sojojin da raunukansu suka ruɓe. Amma Fleming bai tsaya ga murna ba, ya rufe jawabinsa da gargaɗi. Ya ce ana iya wayar gari kowa ya shiga kanti ya sayi penisilin, kuma wanda bai san ƙa'ida ba zai sha abin da bai isa ya kashe ƙwayar cutar ba, sai dai ya koya mata juriya.

Sai da aka yi shekara 71 bayan wannan gargaɗi kafin shugabannin ƙasashe su zauna a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2016, domin duba al'amarin. Wannan maƙala za ta bi sawun abin da ya wakana kafin wannan zama da bayansa. Ƙarfin magani kamar rijiyar gari yake: kowa yana ɗiba, kuma in ta ƙafe, ta ƙafe wa kowa. Abin da tarihi ya nuna shi ne, ƙasashe sun ƙware wajen rubuta alkawari a kan rijiyar, amma ba su cika fitowa ranar yasa ba, sai a lokutan da aka haɗa alkawarin da kuɗi da kuma abin da za a ba mai ƙishirwa.

Yadda ƙwayar cuta take koyon turjiya

A bakin jama'a akan ji mutum ya ce jikinsa ya saba da magani kaza, shi ya sa ba ya yi masa aiki. Alhali kuwa ƙwayar cutar ce take sabawa. Idan cuta ta kama mutum, ƙwayoyin da ke cikinsa miliyoyi ne, kuma ba duka suka zama ɗaya ba. Magani yakan hallaka mafi yawansu, amma akan sami ƴan tsiraru waɗanda wani canji a halittarsu ya ba su kariya. Da zarar an share musu abokan zama sai su hayayyafa, wasunsu ma suna rabuwa biyu cikin minti 20. Manomi ya san irin wannan, domin in ya yi noma ya bar ƴan tsiron ƙuduji suka zubar da iri, baɗi gonar tasu ce. Daga nan ƙwayoyin masu turjiya sukan bi tari, ko hannu, ko ruwan sha, ko kashin dabba, su isa ga wanda bai taɓa shan maganin ba ko sau ɗaya.

Masana sun ga haka tun da wuri. A 1940, kafin ma a fara yi wa majinyata magani da penisilin a Oxford, Chain da abokin aikinsa Edward Abraham sun gano cewa wasu bakteriya suna fitar da sinadarin da ke lalata shi. Zuwa 1948, likita Mary Barber ta nuna cewa a wani asibitin Landan fiye da rabin ƙwayoyin da ke ruɓar da rauni sun daina jin maganin. A wannan shekarar kuma gwajin sitiraftomisin da aka yi wa masu tarin huka a Birtaniya ya nuna maganin yana aiki, amma cikin ƴan watanni ƙwayar takan bijire masa, dalilin da ya sa aka koma haɗa magani biyu ko uku a lokaci guda. Sa'an nan a 1959 masu binciken ciwon atuni a Japan suka gano abin da ya fi tayar da hankali, wato bakteriya tana iya miƙa wa wata makamin turjiya ko da ba danginta ba ce, kamar yadda maƙwabciya ke ɗiban wuta a murhun maƙwabciyarta.

Zamanin yalwa

Duk da waɗannan alamu, shekarun 1950 da 1960 shekarun kwanciyar hankali ne. Kamfanoni suna ta tono ƙasa daga sassan duniya suna fitar da sababbin magunguna daga halittun da ke cikinta, har likitoci suka ɗauka in wannan ya gaza akwai wancan. An fito da metisilin domin maye gurbin penisilin, amma a 1961, bai daɗe da shiga asibitoci ba, aka ga ƙwayoyin da suka bijire masa a Ingila. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, wadda aka kafa a 1948, hankalinta a lokacin yana kan yadda magani zai isa ga mutane, kuma ba za a ga laifinta ba, tun da yawancin mutanen duniya ba su taɓa ganin allurar penisilin ba.

A 1950 wasu masana biyu na kamfanin Lederle a Amurka, Thomas Jukes da Robert Stokstad, suka sanar cewa ƴan tsakin da aka zuba wa ɗan antibiyotik cikin abinci sun fi saurin girma. A 1951 hukumomin Amurka suka halatta wannan dabara, kuma daga nan maganin da aka ƙirƙiro domin majinyaci ya koma mahaɗin dussa ga kaji da aladu da shanu masu ƙoshin lafiya. Wannan shi ne ainihin abin da Fleming ya tsorata, wato magani kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, sai dai a wannan karo ana yinsa da buhu. A 1969, bayan wata annobar gudawa da ta taso daga maruƙa, kwamitin Michael Swann a Birtaniya ya ba da shawarar a daina sa magungunan mutane cikin abincin kiwo domin ƙiba. A Amurka an yi yunƙurin haka a 1977, majalisar dokoki ta dakatar da shi, ba a cim ma burin ba sai 2017. Suwidin ta hana a 1986, Tarayyar Turai baki ɗaya kuma a 2006.

Mai karatu zai lura cewa kowace ƙasa tana gyaran ɗakinta ne ita kaɗai. Ko annobar taifot da ta kama dubban mutane a Meziko a 1972, wadda ƙwayarta ba ta jin kuloramfenikol, ba ta sa an yi wani babban zama ba. Kira na farko mai ƙarfi da ya ƙetare iyakoki daga masana ya fito, lokacin da Stuart Levy da abokansa suka taru a Santo Domingo a 1981 suka fitar da sanarwar gargaɗi, kuma suka kafa ƙungiyar kira ga yin amfani da antibiyotik da hankali. Jinkiri irin wannan ba baƙo ba ne a tarihin lafiya. Taron farko na ƙasashe a kan kwalara an yi shi a Paris a 1851, amma ba a sa hannu kan yarjejeniyar da ta yi aiki ba sai a 1892.

Abin da Sahel ya gani

A yankinmu darasin ya zo ta ƙofar cututtuka biyu da kowane gida ya sani. Ta farko ita ce masassarar cizon sauro. Kulorokin, wadda iyayenmu suka fi sani da sunan Nivaquine, magani ne mai araha da ya yi shekaru yana aiki. A ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar cutar ta fara bijire masa a kan iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. Turjiyar ta isa Afirka ta Gabas a 1978, ta ratsa nahiyar har Afirka ta Yamma cikin shekarun 1980. Binciken da aka yi a wasu yankunan karkara na Sanagal ya nuna mutuwar yara daga wannan cuta ta ninka sau biyu ko fiye bayan isowarta. Duk da haka an ci gaba da ba yara kulorokin shekara da shekaru, domin abin da zai maye gurbinsa ya fi ƙarfin aljihun gwamnatoci.

Ta biyu ita ce sanƙarau. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana taswirar yankin da annobar ke dawowa duk bazara, kuma Nijar tana tsakiyarsa. Magungunan sulfa da aka dogara da su sun daina tasiri cikin ƴan shekaru, aka koma ga allurar kuloramfenikol mai mai, wadda ake yi sau ɗaya. Da samun wannan allura ya fara wuya saboda masu sarrafa ta sun ragu, sai aka yi gwaji a jahohin Maraɗi da Damagaram lokacin annobar 2003, wanda ya tabbatar cewa allurar seftiriyakzon guda ɗaya tana yin aikin da waccan take yi. An buga sakamakon a 2005, kuma sauran ƙasashen yankin sun amfana da shi.

A tsakanin waɗannan shekaru ne tattalin arziki ya ƙara dagula lamarin. Shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin da majinyaci zai biya wani kaso na kuɗin magani a gidan likita. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi ya tashi, kasuwar masu yawo da ƙwayoyi a tire da masu baza su a ƙasa ta bunƙasa. A nan ya kamata a yi wa maganar Fleming gyara. Shi ya ɗora laifin a kan jahilci. Amma matar da ta sayi kafso huɗu maimakon ashirin, sau da yawa ta san ba su isa ba, kuɗin hannunta ne suka tsaya a nan. Kuma ko ta sayi ashirin ɗin ba ta da tabbacin abin da ke cikinsu, domin a 2017 OMS ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Kafson da ke ɗauke da rabin sinadarinsa makaranta ce ga ƙwayar cuta.

Zamanin takardu

Babban taron OMS ya zartar da ƙuduri a kan wannan matsala a 1998, kuma bayan shekara uku hukumar ta kammala tsarinta na farko na duniya. An ƙaddamar da shi ranar 11 ga Satumba na 2001, ranar da aka kai hari a Niyok da Washinton, saboda haka babu wanda ya saurara. Sai da tsoro ya ƙwanƙwasa ƙofar manyan ƙasashe aka farka. A 2008 aka sami wani majinyaci a Suwidin, wanda ya taɓa kwanciya asibiti a Indiya, ɗauke da bakteriyar da ke lalata magungunan da likitoci ke ajiyewa domin ranar ƙarshe. Masana suka laƙaba wa sinadarin sunan birnin Delhi, hukumomin Indiya suka fusata, suka ɗauki abin a matsayin ɓata suna. Wannan taƙaddama ta nuna ɗaya daga cikin cikas ɗin haɗin kai, wato ƙasar da ta bayyana abin da ta gani tana iya jawo wa kanta asara.

Daga 2014 al'amura suka yi sauri. OMS ta fitar da rahotonta na farko na halin da duniya ke ciki, gwamnatin Birtaniya kuma ta ɗora wa masanin tattalin arziki Jim O'Neill aikin lissafa ɓarnar. Hasashensa na mutuwar mutum miliyan 10 a kowace shekara nan da 2050 ya sha suka daga wasu masana, amma ya isa kunnen ministocin kuɗi, inda maganar likitoci ba ta isa ba. A watan Mayu na 2015 ƙasashe suka amince da tsarin aiki na duniya, kowace ta ɗauki alkawarin rubuta nata cikin shekara biyu. A Nuwamban shekarar masana a ƙasar Sin suka gano, a jikin aladu da mutane, turjiya mai yaɗuwa ga kolistin, tsohon maganin da aka koma wa bayan sauran sun gaza, kuma Sin ta hana sa shi cikin abincin dabbobi daga 2017. Ranar 21 ga Satumba na 2016 aka yi zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, karo na huɗu da batun lafiya ya kai wannan matsayi, bayan sida, da cututtukan da ba a ɗauka, da Ebola.

Tun da ƙwayar cuta tana yawo tsakanin mutum da dabba da ruwa, sai aka ɗora jagorancin a kan hukumomi da yawa: OMS, da hukumar abinci da noma FAO, da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, sa'an nan a 2022 hukumar muhalli ta Majalisar ta zama ta huɗu. A zama na biyu, ranar 26 ga Satumba na 2024, an sa adadi a karon farko. Ƙasashe sun yarda su rage mace-macen da ke da alaƙa da turjiya da kashi 10 cikin 100 nan da 2030. Sun yarda kashi 70 cikin 100 na antibiyotik ɗin da mutane ke sha su kasance daga rukunin farko na jerin da OMS ta tsara a 2017, wanda ya raba magunguna gida uku: na yau da kullum, na taka-tsantsan, da na ajiya. Sun kuma sa burin tara dala miliyan 100 domin taimaka wa ƙasashe su aiwatar da tsare-tsarensu. Amma adadin rage kashi 30 cikin 100 na maganin da ake ba dabbobi, wanda ke cikin daftarin farko, an cire shi kafin a amince, ko da yake ƙiyasin masana ya nuna fiye da rabin antibiyotik ɗin da ake sayarwa a duniya ga kiwo yake tafiya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan takardu da ke da ƙarfin doka. Ƙasar da ta saɓa ba ta da hukunci, wadda ta cika kuma ba ta da lada. Akwai kuma matsalar kasuwa. Daga ƙarshen shekarun 1980 sababbin dangogin antibiyotik sun yi ƙaranci ƙwarai, domin sabon magani mai kyau ajiye shi ake yi, ba a sayar da shi da yawa. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami izinin sayar da sabon maganinsa a 2018, ya karye a 2019. Wanda ya haƙa sabuwar rijiya aka ce masa a rufe ta sai ranar fari, ba zai yi marmarin haƙa ta biyu ba.

Rashi da yawa a wuri ɗaya

A farkon 2022 mujallar Lancet ta buga ƙididdiga mafi faɗi da aka taɓa yi har zuwa lokacin. A 2019 turjiyar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma tana da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yankin da ya fi kowane yawan mace-mace, in aka auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27 cikin kowane 100,000. Wannan yanki ba ya cikin waɗanda suka fi shan magani. Dalilin shi ne cututtukan sun fi yawa saboda ƙarancin ruwa mai tsabta da rigakafi, kuma in maganin farko ya gaza, na biyu ba ya samuwa ko ba ya sayuwa. Ga kuma makanta: binciken da aka fitar a 2022 a kan ɗakunan gwaji kusan 50,000 a ƙasashen Afirka 14 ya gano kashi 1.3 cikin 100 ne kawai ke iya gwajin bakteriya. Likita yana rubuta magani ne da ƙiyasi, kamar mai harbi cikin dare.

Saboda haka kiran a rage shan magani, wanda ya dace da Turai da Amurka, ba ya zama daidai a kunnen uwar da ɗanta ke numfashi sama-sama da ciwon haƙarƙari, kuma gidan likita mafi kusa yana tafiyar yini. Babu inda wannan tsaka-mai-wuya ta fito fili kamar Nijar. A wani babban gwaji da aka yi a jahar Doso tare da Malawi da Tanzaniya, an riƙa ba dukan yara ƴan wata 1 zuwa 59 azitromisin sau biyu a shekara, masu ciwo da marasa ciwo. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku, a Nijar kuwa da kashi 18. Amma binciken da ya biyo baya ya nuna ƙwayoyin hanjin yaran garuruwan da aka ba maganin sun ƙara turjiya ga danginsa ninki-ninki. A 2020 OMS ta ɗauki matsakaiciyar hanya, ta ce ana iya ba jarirai ƴan ƙasa da shekara ɗaya kawai, a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, tare da sa ido a kan turjiya. Sai kuma gwaji na biyu a Nijar, wanda aka buga a 2024, ya nuna raguwar kashi 14 cikin 100 in an ba yara har ƴan wata 59, yayin da taƙaita shi ga jarirai bai nuna amfani bayyananne ba.

Tambayar da ta rage ba ta likitoci kaɗai ba ce. Yaron da za a ceta bana yana da suna da uwa, wanda maganin zai gaza wa nan da shekara goma kuwa ba a haife shi ba tukuna. Wa ke da ikon yanke wannan hukunci, masu zama a Jeniba ko iyayen Doso? Abin lura shi ne ƙasar nan ta ba duniya hujja ta ɗaya fuskar ma. Gwajin da aka yi a gundumar Madarunfa a kan yara kusan 2,400 masu tamowa marar rikici, wanda aka buga a 2016, ya nuna ba su amoksisilin bai ɗaya bai ƙara yawan waɗanda suka murmure ba. Wato ana iya sanin inda magani ke ceton rai da inda ake zubar da shi banza, muddin an yi bincike a wurin da abin ya shafa.

Inda haɗin kai ya yi aiki

Tarihin ba duka ba ne na gazawa. A 2001 OMS ta ba da shawarar a bar kulorokin a koma ga haɗin magunguna masu artemisinin, sinadarin da masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta tace daga tsiro a farkon shekarun 1970. Shawarar ba ta zama aiki ba sai da Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin huka da masassara, wanda aka kafa a 2002, ya fara biyan kuɗin, kuma cikin ƴan shekaru ƙasashen Afirka, har da Nijar, suka canza. A 2006 OMS ta matsa wa kamfanoni su daina sayar da ƙwayar artemisinin ita kaɗai, domin kada a maimaita tarihin kulorokin. Barazanar ba ta gushe ba, tun da an ga alamun turjiya a Kambodiya a ƙarshen shekarun 2000, sa'an nan a Ruwanda da Yuganda daga 2020, amma a wannan karo an gani da wuri.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. Bayan annobar sanƙarau ta 1996 zuwa 1997, wadda ta kama mutum kimanin 250,000 ta kashe 25,000 a Afirka, ministocin lafiya na yankin suka nemi rigakafi mai ɗorewa kuma mai araha. An kafa shirin a 2001, wani kamfanin Indiya ya yarda ya sarrafa allurar a ƙasa da rabin dalar Amurka, kuma a Disamban 2010 aka fara yi wa jama'a MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. Jinsin A na sanƙarau, wanda ya addabi Sahel fiye da ƙarni guda, ya kusan ɓacewa, ko da yake jinsin C ya yi ɓarna a Nijar a 2015. Duk wanda rigakafi ya kare, allurar antibiyotik ɗaya ce ta tsira a cikin kwali. Masu iya magana sun riga masana faɗa cewa rigakafi ya fi magani.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai biyu a bayyane yake. An sa buri guda da za a iya aunawa, an samo kuɗin, kuma ba a ce wa talaka ya bar abin da ke hannunsa ba sai da aka miƙa masa wanda ya fi shi. Haka aka yi a yarjejeniyar Montreal ta 1987 a kan sinadaran da ke huda rufin sararin samaniya, inda daga baya aka haɗa dokar hani da asusun taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Yaƙi da turjiyar bakteriya bai sami irin wannan gata ba tukuna. Hasali ma a 2025 an ga ja da baya, domin Amurka ta sanar da ficewarta daga OMS a watan Janairu, Birtaniya kuma ta sanar da janye tallafinta ga asusun da ke ɗauke da sunan Fleming, wanda ya gina ɗakunan gwaji a ƙasashen Afirka da Asiya da dama.

Abin da ya rage a hannunmu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ƙasashen Afirka suka je taro da hannu biyu, buƙatarsu za ta zama ƙaramin sakin layi cikin takardar da wasu suka rubuta. In kuwa suka je da alƙaluman ɗakunan gwajinsu da sakamakon binciken da aka yi a Maraɗi da Doso, suna da bakin cewa ruwan sha mai tsabta, da rigakafi, da amoksisilin mai inganci a kowane gidan likita na ƙauye, su ne kashin bayan duk wata yarjejeniya. Hukumar magunguna ta Afirka, wadda yarjejeniyarta ta fara aiki a 2021, an kafa ta ne domin ƙasashen nahiyar su haɗa ƙarfi wajen tantance abin da ke shigowa kasuwanninsu, kuma za a auna ta da abin da aka gani a kan tiren mai talla.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suna da nasu rabon, kuma ta harshe yake farawa. Muddin jama'a suna cewa jiki ne ya saba da magani, kowa zai ɗauka matsalar tasa ce shi kaɗai, ya ƙara ƙwaya ko ya canza wata. Ranar da yaro ya fahimci cewa ƙwayar cuta ce ke koyo, kuma abin da ta koya a cikinsa tana kai wa ƙanensa, zai gane dalilin da ya sa ba a shan antibiyotik domin mura, ba a raba ragowar kafso da maƙwabci, ba a sayar da nonon saniyar da ake yi wa allura sai kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa sun cika. Ana iya koyar da wannan cikin darasin kimiyya, ana iya sa shi cikin wasan kwaikwayo da shirin rediyon karkara. Al'ummar da ta daɗe da sanin dokar rijiya, wadda ba ta yarda a jefa ƙazamin guga cikin ruwan kowa ba, ba ta buƙatar dogon tafsiri kafin ta gane shi.